Daga Clermont-Ferrand Zuwa Ƙauran Namoda: Tarihin Tayar Michelin Da Darasin Da Ke Cikinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ta Ƙauran Namoda da sassafe, musamman ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci, ya san abin da direba ke fara yi kafin ya tashi. Zai zagaya motarsa, ya ɗan shuri kowace taya da ƙafa, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi, wani lokaci ya tura yaron mota ya kira mai faci a ƙara iska, sannan ya ce a shiga da sunan Allah. Fasinjoji kuwa hankalinsu na kan kuɗin mota da wurin zama da inda aka ɗaure musu buhu. Da wuya ka ga wanda ya kalli tayar nan sau biyu, alhali kuwa bayan kiyayewar Ubangiji, rayukansu duka suna kan wannan baƙar roba ce. Abin da ke taɓa kwalta daga kowace tayar ƙaramar mota bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. A kan waɗannan tafukan hannu huɗu ne nauyin mota da kaya da mutane yake, da su ake juya kan mota, da su kuma ake tsayawa idan an taka birki.

Abin da ya sa na ga ya dace in ja hankalin mai karatu ga tarihin taya ke nan, ta hanyar bin sawun ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da suka yi fice wajen ƙera ta, wato Michelin na ƙasar Faransa. Ban zaɓe shi don talla ba. Na zaɓe shi ne saboda yawancin sauye-sauyen da suka mayar da taya yadda muka san ta a yau sun ratsa ta hannunsa, sannan kuma ya taɓa kafa masana'anta a ƙasar nan, ya yi shekaru sama da arba'in yana aiki, daga bisani ya naɗe tabarmarsa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, kuma a wannan waiwayen akwai abin koyi, akwai kuma abin takaici.

Kafin a yi taya sai da aka sarrafa roba

Asalin roba ƙaro ne fari kamar madara da ke tsatsowa daga jikin wata itaciya wadda mahaifarta dazuzzukan Amazon ne a Kudancin Amurka. Turawa sun daɗe da sanin ta, amma ta ƙi yi musu biyayya: idan ana zafi ta narke ta yi danƙo, idan ana sanyi ta sandare ta tsattsage. Wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ne ya gano maganin abin a shekarar 1839, inda ya fahimci cewa idan aka gauraya roba da farar wuta aka gasa, sai ta zama mai juriya ga zafi da sanyi. Ya yi wa wannan fasaha rajista a 1844. Daga sunan wannan gashi ne aka samo kalmar falkanaiza da ake kiran mai faci da ita a biranenmu. Shi Goodyear bai ci moriyar wahalarsa ba, domin a cikin bashi ya rasu a 1860, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunansa an kafa shi ne a 1898, shekaru da dama bayan mutuwarsa.

Tunanin cika roba da iska a naɗa ta a ƙafar abin hawa ya fara zuwa ne ga wani ɗan Sukotlan, Robert William Thomson, wanda ya yi masa rajista a 1845. To amma a lokacin babu keke irin na yanzu balle mota, saboda haka aka manta da shi. Sai a 1888 wani likitan dabbobi da ke zaune a birnin Belfast, John Boyd Dunlop, ya sake ƙirƙiro dabarar ba tare da ya san an riga shi ba, don kawai ya rage wa ƙaramin ɗansa jijjigar keke mai ƙafa uku a kan titin duwatsu. Tayar Dunlop ta yi daɗin hawa, sai dai tana da babban aibi: manna ta ake yi da gam a jikin wili. Idan ƙusa ta huda ta, to gyaranta aikin yini ne.

'Yan uwa biyu da wata ƙaramar masana'anta

A garin Clermont-Ferrand da ke tsakiyar Faransa akwai wata tsohuwar masana'anta ta iyali, tun daga 1832, wadda ke yin kayan aikin gona da ƙananan kayayyakin roba, kuma ta kusa durƙushewa. Jikokin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, André Michelin da ƙanensa Édouard, su ne suka karɓi ragamarta, aka sa mata sunansu a 1889. André injiniya ne, Édouard kuwa zane ya karanta a birnin Faris. Babu ɗayansu da ya tashi da niyyar zama maƙerin taya.

Kamar yadda tarihin kamfanin ya nuna, wata rana wani mai keke ya shigo harabar masana'antar da tayarsa ta iska a sace, yana neman taimako. Ma'aikata suka shafe fiye da sa'o'i uku suna ɓanɓarewa da liƙewa, sannan aka bar ta ta kwana don gam ya bushe. Washegari Édouard ya hau keken ya gwada, ya ji taushin da bai taɓa ji ba, amma bai yi nisa ba facin ya sake buɗewa. Wani zai ce ai wannan abu ba shi da amfani, ya koma ga tayar roba tsagwaro marar iska. Shi kuwa sai ya fahimci cewa tayar iska ita ce makoma, abin da ya rage kawai shi ne a samo yadda mai keke zai gyara ta da kansa a bakin hanya. A 1891 suka yi rajistar tayar da ake kwancewa daga wili, a ciro tub, a yi faci, a mayar cikin kimanin minti 15. Duk mai facin da ke zaune a ƙarƙashin inuwa a Zurmi ko Kasuwar Daji da kwanon ruwansa da famfonsa, sana'arsa daga wannan dabara ta samo tushe.

Ba su tsaya jiran mutane su yarda da bakinsu ba. A watan Satumba na wannan shekarar aka yi tseren keke daga Faris zuwa Brest a komo, tafiyar kusan kilomita 1,200. Wani gwani mai suna Charles Terront ya hau tayarsu, ya kuma lashe tseren cikin sa'o'i 71 da 'yan mintoci. Daga nan kasuwa ta buɗe. Shekaru huɗu bayan haka, a 1895, aka shirya tseren motoci daga Faris zuwa Bordeaux a komo. Masu ƙera motoci na lokacin ba su yarda iska za ta ɗauki nauyin mota ba, don haka 'yan uwan biyu suka haɗa tasu motar, suka kira ta Éclair, wato walƙiya, suka shiga tseren. Ba su yi nasara ba, kuma sun sha canjin taya a hanya har ba adadi, amma sun kai ƙarshen tafiyar. Wannan kaɗai ya isa hujja. Cikin 'yan shekaru duk wata mota ta kirki a Turai ta koma kan iska.

Mai sayar da taya yana son mutane su yi tafiya

Wani abin lura game da waɗannan mutane shi ne yadda suka fahimci kasuwa. Mutumin nan mai ƙiba da aka zana da tayoyi, wanda ake gani a jikin shagunan sayar da taya daga Gusau har Legas, sunansa Bibendum, kuma ya fara fitowa ne a 1898. An ce Édouard ne ya ga tarin tayoyi a wani baje koli a birnin Lyon a 1894, ya ga kamar mutum ne da ba shi da hannuwa. Dalilin da ya sa yake fari kuwa shi ne a wancan zamani tayoyi ba baƙaƙe ba ne. Sai daga baya aka gano cewa zuba baƙin garin kabon a cikin roba na ƙara mata ƙarko matuƙa, taya ta koma baƙa.

A 1900, lokacin da motocin da ke Faransa duka ba su kai 3,000 ba, kamfanin ya buga wani ɗan littafin jagora kusan kwafi 35,000 ya raba kyauta. A ciki akwai inda matafiyi zai sami mai, da makaniki, da masauki, da yadda ake canza taya. Hikimar a bayyane take: idan tafiya ta yi sauƙi mutane za su yawaita ta, idan sun yawaita ta taya za ta suɗe, idan ta suɗe za su dawo saye. Daga 1926 littafin ya fara bai wa gidajen abinci tauraro, har ta kai yau manyan masu dafa abinci na duniya ba su da burin da ya wuce samun tauraron wani kamfanin taya. Haka nan suka shiga buga taswirar hanyoyi. Taswirarsu ta Arewaci da Yammacin Afirka, mai lamba 153, ita ce Turawan da ke ratso Sahara da mota ta Tamanrasset da Agadas zuwa Kano suka riƙa dogaro da ita shekara da shekaru.

Shekarar da jirgi ya iso Ƙaura

A 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda, ya tsaya a nan. Wannan ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga da fatu daga ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Isa, har da abin da ke ƙetarowa daga ƙasar Faransanci. Da farko jakuna da raƙuma ne ke kawo kaya tasha, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe su. A daidai wannan shekara injiniyoyin Michelin suna gwajin wani ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya a kan tayoyin roba, wanda suka kira Micheline. Jirgin bai daɗe yana tashe ba, amma wahalar da suka sha wajen sa siririyar taya ta ɗauki nauyi mai yawa ta koya musu haɗa roba da wayar ƙarfe. A ƙarshen shekarun 1930 suka fitar da tayar manyan motoci mai wayar ƙarfe a ciki maimakon zaren auduga.

Wannan ilimi ne ya share fagen babbar ƙirƙirar da ta sauya duniyar taya. Domin mai karatu ya gane ta, sai ya san cewa taya ba roba ce zalla ba. A cikinta akwai shimfiɗu na zare, su ne ƙashin bayanta. A tsohuwar ƙira, ana jera waɗannan shimfiɗu ne a karkace, wani ya gitta wani kamar saƙar tabarma. Idan taya na juyawa sai su riƙa gogar juna, gogayyar ta haifar da zafi, zafi kuma shi ne babban maƙiyin taya. Bugu da ƙari, gefen taya da fuskarta da ke taka ƙasa a haɗe suke, duk motsin da ɗaya ya yi sai ya ja ɗayan, don haka fuskar ba ta zama daram a kan hanya.

Wani ma'aikacin kamfanin, Marius Mignol, wanda ba shi da babban digiri amma Édouard ya lura da basirarsa ya mayar da shi sashen bincike, shi ne ya yi gwajin da ya nuna hanyar fita. Maimakon a karkata zaren, sai a miƙar da shi kai tsaye daga baki zuwa baki, sannan a ɗaura wa fuskar tayar ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin zanenta. Ta haka gefen zai yi laushi ya shanye gargada, fuskar kuma ta tsaya da ƙarfi ta kama hanya. An yi wa wannan ƙira rajista ranar 4 ga Yuni, 1946, aka fara sayar da ita a 1949 da sunan Michelin X. Ita ce ake kira radiyal. Ba ta zafi kamar tsohuwar, ta fi ta daɗewa nesa ba kusa ba, kuma mota ta fi shan mai kaɗan a kanta. A 1952 aka yi ta manyan motoci. Kamfanonin Amurka sun daɗe suna jan ƙafa domin sauya injinan masana'antunsu na buƙatar kuɗi masu yawa, amma tsadar man fetur ta 1973 ta tilasta musu bin sahu. Idan mai karatu ya duba gefen tayar motarsa ya ga rubutu irin 195/65 R15, to wannan harafi na R shaidar ƙirar 1946 ce.

Bincike bai tsaya nan ba. A 1981 suka kai ƙirar radiyal ga jiragen sama, a shekarun 1980 kuma ga babura. A 1992 suka fitar da tayar da aka maye wani kaso na baƙin kabon ɗinta da sinadarin silika, wanda asalinsa yashi ne, domin rage ƙarfin da taya ke ci yayin juyawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kusan kashi 20 cikin 100 na man da ƙaramar mota ke ƙonawa yana tafiya ne wajen tura tayoyinta. A 2005 suka nuna wata ƙafa marar iska mai suna Tweel, a 2019 kuma suka bayyana wata mai suna Uptis wadda aka tsara don ƙananan motoci. Wato kamfanin da ya yi suna da cusa iska a taya yau shi ke neman hanyar raba taya da iska. Adalci kuma shi ne a ambaci cewa ba su kaɗai ke da fasaha ba: tayar da ba ta da tub, alal misali, kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ne ya bayyana ta a 1947, kafin Michelin ya sayi sashen tayoyinsa a 1990.

Kada kuma a ɗauka tarihin nan fari ne tas. Ƙishirwar roba da keke da mota suka haifar ita ce ta jefa mutanen Kwango cikin azabar da ba ta misaltuwa a ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, tsakanin 1885 da 1908, inda aka riƙa kashe mutane da guntule hannuwa saboda gaza kawo adadin robar da aka ɗora wa ƙauye. Shi kansa Michelin ya mallaki manyan gonakin roba a Biyetnam zamanin mulkin mallakar Faransa, kuma a 1930 leburorin gonarsa ta Phu Rieng suka yi bore saboda muguntar da ake gwada musu. Jin daɗin matafiyin Turai, talakan ƙasashen da aka mallaka ne ya biya wani ɓangare na kuɗinsa da jininsa.

Yadda muka samu, yadda muka rasa

Bayan samun 'yancin kai, Nijeriya ta zama wurin da duk mai ƙera taya zai so ya zauna. Itacen roba na yin kyau a yankunan Binin da Sapele da Kalaba, ga yawan jama'a, ga hanyoyi ana ta shimfiɗawa. A farkon shekarun 1960 Michelin ya kafa masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma ya fara aiki a Ikeja a 1963. Dukansu biyu sun taɓa mallakar gonakin roba a kudancin ƙasar nan. Daga baya ma aka gina sashen yin baƙin kabon a matatar mai ta Warri. Dattawan direbobin da suka yi jigilar gyaɗa da hatsi da shanu tsakanin Ƙaura da Kudu za su shaida cewa akwai lokacin da mutum zai shiga shago ya sayi sabuwar taya da aka yi a ƙasarsa, da robar ƙasarsa, da hannun 'yan ƙasarsa, wadda aka tsara don zafinmu da hanyoyinmu.

A farkon 2007 Michelin ya sanar da rufe masana'antar Fatakwal, ma'aikata kimanin 1,300 suka rasa abin yi. A 2008 Dunlop ya bi bayansa, duk da cewa bai daɗe da kashe maƙudan kuɗi wajen kafa sabon sashen yin tayar manyan motoci ƙirar radiyal ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko wutar lantarki: masana'antar da ke gasa roba dare da rana ba za ta rayu a kan janareto ba, ta kuma yi gogayya da takwarorinta na Asiya. Na biyu manufar gwamnati: an rage harajin shigo da tayoyin manyan motoci daga kashi 40 zuwa kashi 10 cikin 100, sai tayar waje ta fi ta gida araha. Na uku kuwa fasa-ƙwauri da kwararowar tsofaffin tayoyi. Tun daga lokacin, kusan duk tayar motar da ke yawo a ƙasar nan daga waje take zuwa, robarmu kuma ana fitar da ita ɗanya, a sarrafa ta a wata ƙasa, a dawo mana da ita da tsada. Irin abin da ya sami masaƙunmu na Kaduna da Kano da Gusau ke nan, ba bambanci.

Abin da ya sa wannan ya fi shafar mutanen arewacin Zamfara shi ne, jirgin ƙasan da ya raya Ƙaura ya daɗe da ja da baya. Duk buhun gero da wake da albasa da ke fita daga wannan yanki, duk buhun taki da siminti da ke shigowa, a kan taya yake tafiya. Haka mai naƙuda da za a kai asibiti, haka ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin tun 1983. Da darajar naira ta faɗi warwas bayan sauye-sauyen 2023, farashin sabuwar taya ya fi ƙarfin direba mai neman na cefane, sai ya koma ga 'yar Beljiyam, wato tayar da wani ya gama mora a Turai ya yar. Dokar kwastan ta hana shigo da irin waɗannan tayoyi, in ban da wasu na manyan motoci da ake sabunta wa fuska, amma ga su nan jibge a kowace kasuwa. Wasu an ƙera su ne don ƙasashen ƙanƙara, robarsu ba ta jure kwaltar watan Afrilu. Wasu masu shigo da sababbi kuma sukan cusa taya uku ko huɗu cikin guda don rage kuɗin dako da haraji, wayar bakin ta lanƙwashe tun kafin a ɗaura ta. Akwai ma masu bin suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi suna sake yanka mata zane don ta yi kama da mai sauran rai.

Na taɓa kasancewa cikin motar haya a hanyar Shinkafi da la'asar sakaliya, tayar baya ta fashe. Allah Ya taƙaita, direban ya riƙe kan motar har ta tsaya. Da aka ciro safaya sai ga ta babu iska. Abin da na gani a fuskokin fasinjoji a wannan lokaci ya wuce fargabar haɗari, domin kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan na 'yan bindiga, kowa kuma yana kallon rana tana sunkuyawa. Sai da wani mai babur ya ɗauki tayar zuwa ƙauye na gaba aka yi mata iska, muka bar wurin ana kiran magariba. A da fashewar taya ɓata lokaci ce. A yau a wannan yanki tana iya zama sanadin rasa rai ko dukiyar dangi gaba ɗaya.

Abin da ke hannunmu

Akwai abin da direba da mai mota za su iya yi tun yau ba tare da jiran gwamnati ba. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne kacal, to tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, kada ka kusance ta. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin a guji tayar da ta haura shekara huɗu, shi kuwa Michelin shawararsa ita ce a riƙa kai ta ga masani yana dubawa duk shekara idan ta kai biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma komai kyan fuskarta. A cikin ramukan zanen akwai 'yan ƙananan tudu. Idan fuskar ta suɗe har ta yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, aikinta ya ƙare. A auna iska da ma'auni da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a daina dogaro da shuri da ƙafa. Ƙarancin iska da lodin da ya wuce ƙima su ke dafa taya daga ciki har ta tarwatse. Kada kuma a manta da safaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suna da ikon hana motar da tayarta ta nuna waya yin lodi, kamar yadda suke da ikon hana wanda bai biya kuɗin tasha ba. Masu faci kuwa sun cancanci a koya musu karatun lambobin nan, a kuma taimaka musu da ma'aunin iska na ƙwarai, domin su ne likitocin farko da taya ke gani. Wannan aiki ne da sashen injiniya na kwalejin da ke garin zai iya ɗauka tare da ƙananan hukumomi ba tare da kashe wasu kuɗi masu yawa ba.

Babban nauyin dai yana kan Gwamnatin Tarayya. Kama direba a hanya a ci shi tara saboda tsohuwar taya ba zai magance komai ba matuƙar sabuwa ta fi ƙarfinsa, kuma sabuwa ba za ta yi sauƙi ba matuƙar da dala ake sayo ta. Ƙasar da ke da itacen roba da man fetur da iskar gas da kasuwar mutum sama da miliyan 200 ba ta da hujjar rasa masana'antar tayar mota. Abin da mai zuba jari ke nema shi ne wuta tsayayya da manufar haraji wadda ba za ta sauya da sauyin minista ba.

Mutanenmu ba su rasa basira ba. Dubi yadda tsohuwar taya ke komawa takalmin makiyayi, tub ya koma guga ko igiyar ɗaure kaya a babur, ragowar kuma yara su gara a unguwa. Wanda ya iya wannan da wuƙa da basilla, zai iya abin da ya fi haka idan ya sami makaranta da injin da wuta. 'Yan uwan nan biyu na Clermont-Ferrand da facin keke suka fara, kuma har gobe hedikwatar kamfaninsu tana wannan gari nasu, suna ɗaukar ma'aikata fiye da 100,000 a faɗin duniya. Abin da suka samu wanda mai facin Ƙaura bai samu ba shi ne ƙasar da ta tsaya wa mai sana'a har sana'arsa ta girma. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gane haka, Ya kuma kai kowane matafiyi gida lafiya.